Gawa a Kasuwa: Finafinan Zombi, Dariya Mai Ɗaci da Ciwon Saye-saye

Laccar da aka gabatar a Ƙofar Durbi, birnin Katsina





Na san akwai wanda ya ga taken laccar nan ya ce a ransa, duk abin da ya dami Katsina a rasa wanda za a tara mutane a kansa sai fim ɗin gawarwaki masu cin naman mutane. Yana da hujja. Mutumin Batsari ko Jibiya ko Safana ba ya jiran Bature ya koya mashi tsoro. Sai dai ku je wurin masu tura fim a waya, nan Ƙofar Durbi ko Ƙofar Ƙaura, ku ji abin da samari ke nema. Za ku tarar finafinan zombi na ciki, wasu ma an yi masu fassarar Hausa. Abin da 'ya'yanmu ke kallo da daddare cikin bargo ya isa mu san daga ina ya fito, da kuma abin da yake faɗa masu.

Zombi na farko bai ci naman kowa ba. Aiki yake yi.

Asalinsa Haiti, ƙasar da Faransa ta mayar gonar rake ta cika ta da bayin da aka kwaso daga Afirka. Bayin sun yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804. Bawan gonar rake yana da fata ɗaya tak, cewa ran da ya mutu ya huta, ransa ya koma gida Afirka. Don haka abin da ya fi mutuwa firgita shi shi ne a hana shi wannan hutun: boka ya tone kabarinsa, ya tashe shi ba hankali ba baki, ya mayar da shi gona. Sojojin Amurka sun mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934, suka riƙa tilasta wa talakawa aikin hanya. Dattawanmu da suka ji labarin diban gwamna, lokacin da ake kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos a zamanin yaƙin Hitila, sun san irin wannan aikin. A cikin wannan mamaya ne wani marubuci ɗan Amurka, William Seabrook, ya fitar da littafinsa The Magic Island a 1929. Ya kawo labarin da aka ba shi na wani mutum da ya kai ayarin matattu aiki a gonar wani kamfanin sukari, shi yake karɓe ladansu duk mako. Sharaɗi ɗaya ne, kada a kuskura a sa masu gishiri a abinci. Ran da matarsa ta ji tausayinsu ta ba su alewa mai gishiri, sai suka farga cewa su matattu ne, suka kama hanyar kaburburansu, babu mai iya tare su.

Bayan shekara uku Hollywood ta yi White Zombie, a 1932, da Bela Lugosi a matsayin bokan. Fim ɗin ya tsufa, wasan cikinsa ma yanzu dariya yake ba mutum, amma akwai wuri ɗaya da har yau yake tsaya wa mai kallo a rai. Matattu na juya injin matse rake da hannu, ɗayansu ya zame ya faɗa ciki, babu wanda ya waiwaya, injin bai tsaya ba. Ku riƙe mani tambayar da wannan wurin ya ɗora, don ita za ta bi mu har ƙarshe: in an cire wa jiki hankali aka bar shi yana motsi, wa ke cin ribar motsin?

Wanda ya sauya wa zombi sana'a shi ne George Romero, wani mai shirya tallace-tallacen talabijin a birnin Pittsburgh. A 1968 shi da abokansa suka haɗa kuɗin da bai wuce dala dubu 114 ba, suka yi Night of the Living Dead. Babu boka, babu ubangida. Matattu sun tashi haka kawai, yunwa ce ke jan su, wanda suka ciza shi ma ya zama nasu. Jarumin baƙar fata ne, Duane Jones, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ya kwana yana faɗa da matattu, shi kaɗai ya ga safiya, sai 'yan sintiri farare suka hango motsi ta taga suka harbe shi a ka, suka jefa gawarsa cikin wuta tare da sauran. A watan Afrilun shekarar ne aka kashe Martin Luther King. Ga 'yan fim da ke cikinmu kuma, ga abin jaje: kamfanin da ya rarraba fim ɗin ya sauya mashi suna, ya manta bai mayar da alamar haƙƙin mallaka ba, fim ya zama na kowa. An ci miliyoyi da shi, masu shi suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Satar fasaha ba a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano aka fara ta ba.

Bayan shekara goma ya dawo da Dawn of the Dead, a 1978, kuma a nan zan ɗan daɗe. An ɗauki fim ɗin a wani katafaren rukunin kantuna, Monroeville Mall, da daddare bayan an tashi kasuwa, a tattara kaya kafin a buɗe da safe. Mutum huɗu ne suka tsere a jirgi mai saukar ungulu: 'yan sanda biyu, da matuƙin jirgin, da budurwarsa Fran mai juna biyu. Suka sauka a rufin ginin, suka leƙa ƙasa, sai ga matattu fal suna zagaya kantuna, suna hawa matakala mai tafiya da kanta suna faɗuwa, suna manna fuska a gilashi suna kallon kaya. Fran ta tambayi abin da ya kawo su. Amsar da aka ba ta ita ce sabo ne, wurin yana da girma a rayuwarsu tun suna raye, ƙafa ce ta tuna hanya.

Mafi yawan masu sharhi a nan suke tsayawa, su ce Romero ya zagi masu saye-saye, ya kira su gawarwaki. Ni a ganina zagin da ya fi zafi yana gaba. Mutum huɗun nan sun toshe ƙofofi da manyan motoci, suka kashe matattun da ke ciki, kasuwa ta zama tasu. Suka shiga ɗibar riguna na alfarma da agogo da bindigogi. Suka shiga bankin da ke ciki suka kwashi kuɗi suna caca da su, kuɗin da babu sauran inda za a kashe su a duniya. Suka gyara ɗaki, suka sa kujeru da talabijin, talabijin ɗin da ta daina nuna komai. Matuƙin ya shirya wa Fran liyafa ya miƙa mata zobe, ta ƙi karɓa. Komai akwai, an kuma rasa abin cewa da juna. Da gungun 'yan fashi a kan babura suka fasa ƙofa, hikima ita ce a laɓe a bar su su ɗiba su wuce, tunda kayan sun ishi gari guda. Matuƙin ya kasa jurewa. Ya ɗauki bindiga ya fara harbi don a ganinsa kayansa ake taɓawa, kayan da shi ma tsintarsu ya yi. A nan ya rasa ransa, ya tashi cikin matattu, kuma shi ne ya ja su har maɓoyar abokansa, don shi ma ƙafarsa ta tuna hanya.

Duk wannan da dariya aka yi shi. 'Yan fashin suna maka wa matattu kek a fuska. Ɗayansu, ana tsaka da tashin hankali, ya zauna a na'urar awon jini ya zura hannu, aka yayyaga shi aka bar wa na'ura hannun. Fim ɗin ya ƙare da irin kiɗan nan mara ɗanɗano da ake sa wa masu sayayya, matattu na ta yawo a ƙarƙashinsa. Turawan Ingila sun ɗora a kai a 2004 da Shaun of the Dead. Jarumin, ɗan tsaron kantin kayan lantarki, ya fito da safe ya je shago ya dawo, ya wuce matattu a titi, har ya zame a kan jini, bai lura duniya ta tashi ba, domin jiya ma haka mutanen unguwar suke tafiya. Da aka ci ƙarfin annobar kuwa, ba a binne sauran matattun ba. Aiki aka ba su, suna tattara kekunan sayayya a bakin kanti, ba albashi. Zombi ya koma gonar rake ke nan.

Wani zai ce wasa da mutuwa ba tarbiyyarmu ba ce. To, wa ya koya wa jika ya tsaya gaban kakarsa ya ce, tsohuwa mai ran ƙarfe, yaushe za ki tafi mu sha gumba? Ita kuma ta ce, ja'iri, sai na ga jikokinka. Gida ya ɗauki dariya, alhali kowa ya san gumbar nan ta sadakar mutuwa ce, kuma ranar tana tafe. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa abin da ya fi ƙarfin kuka da dariya ake ɗaukarsa. Ya kuma sa wa abin ƙa'ida. Jika ne ke yi wa kaka, ɗa ba ya yi wa uwa. Ana yi da mai ran yana zaune, yana da bakin ramawa. Da wannan ma'aunin nake auna barkwanci mai ɗaci a fim ko a TikTok: wa ake yi wa dariyar, kuma yana da bakin ramawa? Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane sun kwana a layin banki suna yi wa kansu ba'a, wannan magani ne. Wanda ya ɗauki bidiyon tsohuwar da ta faɗi a layin rabon shinkafa ya sa mata kiɗa, shi kam mugunta ya yi.

Wannan ya kawo ni inda nake ganin masu kwafo sharhin Turawa suna kuskure. Romero ya yi fim ɗinsa ne don mutanen da suka ƙoshi har ƙoshi ya zame masu ciwo. Mu ba nan muke ba. An buɗe Ado Bayero Mall a Kano a 2014, mutane suka yi ta tururuwa, da yawa hoto kawai suka je ɗauka da shan sanyin na'ura, kuma a farkon 2024 Shoprite ta rufe reshenta na can. A watan Oktoban 2020 duk mun ga bidiyon jama'a sun haye rufin wani rumbun ajiya a Bukuru kusa da Jos, suna yaye kwano suna jefo buhunan tallafin korona. Daga nesa hoton ya yi kama da na fim ɗin zombi, an kuma samu masu faɗin haka. Amma waɗannan mutane ne da hankalinsu, sun san abin da ke ciki, sun san da sunansu aka tara shi. In akwai wanda ya yi kama da mutanen Romero a labarin nan, to wanda ya kulle rumbu ya zauna a kan abincin ne. Wannan shi ne hatsarin irin finafinan: suna koya wa ido ya ga taron mutane a matsayin abu guda mara suna, wanda kashe shi ba laifi. Abin da ya sami jarumin fim ɗin 1968 ke nan.

Namu ciwon saye-sayen yana da nasa suna, kalma uku ne: kada a ce.

Ku shiga gidan da aka kawo lefe. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an jera akwatuna, babba a ƙasa ƙarami a sama. Wata gwaggo mai murya ta zauna a tsakiya tana ɗagawa tana ƙirgawa, atamfa turmi kaza, leshi kaza, shadda kaza, mayafi, takalmi da jaka, sarƙa. Mata sun kewaye, rabinsu ba kayan suke kallo ba, wayoyinsu suke kallo suna ɗaukar kayan. Kafin 'yan kawo lefe su isa gida, dangin da ke Kaduna da Maraɗi sun gani a WhatsApp sun yanke hukunci. Wata a gefe tana murza bakin atamfa da yatsa biyu don ta ji ko ta gaske ce. Angon yana can da bashin da zai shekara biyu yana biya. Uban amarya ya sa gona a kasuwa saboda kayan ɗaki, an sayi firji da na'urar ɗumama abinci za a kai unguwar da wuta ke zuwa sa'a biyu a yini. Allah ya kiyaye, in auren bai yi ƙarko ba, dillaliya ce za ta kwashe kayan a rabin kuɗi. Ba yau aka fara ba. Iyayenmu mata da ke nan sun san jere, kwanoni da tasoshi da fanteka tun daga ƙasa har rufi, waɗanda ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Amma jere dukiyar mace ce, ranar buƙata ta cire ɗaya ta sayar, kuma masu ganinsa 'yan unguwa ne. Yanzu masu kallo ba su da iyaka, yayi kuma ba ya kai shekara. Ku tambayi kowa a cikin masu wannan hidima shi kaɗai, zai ce maku shi ma ba ya so. Kowa ba ya so, kowa na yi.

Sai ciwo na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro don ya haɗa zombin Haiti da na Romero a jiki ɗaya. Kun tuna 2024, shekarar 'yan baiwa, masu danna waya don tara kuɗin intanet. Bayan Notcoin ta fashe, wato ta shiga kasuwa, a watan Mayu wasu suka samu 'yan kuɗi, sai aka koma kan Hamster Kombat ta manhajar Telegram. Ka je teburin mai shayi ka tarar da samari huɗu a benci, kai a sunkuye, yatsu na dukan gilashin waya kamar masu kaɗa kalangu, shayi ya huce, babu mai ce wa wani uffan. Ka yi sallama a amsa maka ba a ɗago ba. Ana sayen data, ana biyan mai caji, ana kallon bidiyon da aka ce a kalla, ana gayyato abokai. Masu abin sun ce sun tara mutum miliyan 300 a duniya. Da ranar fashewa ta zo, 26 ga Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar ba. Ba na yi wa yaran nan dariya. Wanda ya gama makaranta ya shekara biyar ba aiki, in an ce ga ƙofa dole ya taɓa. Tambayar injin rake nake maimaitawa: wata da watanni na idanu da yatsun miliyoyin mutane, an sayar wa masu talla, wa ya karɓi ladan?

To in za mu yi irin wannan fim da Hausa, ya za mu yi shi? An gwada a kudu. C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, inda gurɓataccen ruwa ya haukata wata unguwar talakawa a Legas, ya kuma ci kyautar fim mafi kyau na Nijeriya a bikin AFRIFF na shekarar. Amma gawa mai yawo ba ta zauna a tunaninmu ba. Mu mamaci ba ya kwana, an yi mashi wanka da sutura da salla an kai shi, kayansa kuma na magada ne. A da ba haka ƙasar nan take ba. Sarautar Durɓi, da wannan ƙofa ke ɗauke da sunanta, wadda Muhammadu Dikko ya riƙe kafin ya zama Sarkin Katsina a 1906, tana da tsofaffin kaburbura a ƙasar Mani, Durɓi ta Kusheyi. Wani Baturen mulki, Palmer, ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992 tare da masana daga Jamus. An tarar da manya an binne su da kwanonin tagulla da duwatsun ado da hauren giwa da zinariya, wasu kayan daga nesa ƙwarai aka kawo su. Ashe son kayan waje ya daɗe a Katsina, har kabari ake tafiya da shi. Musulunci ne ya raba gawa da kaya, ya bar ta da ƙyalle fari.

Abin tsoronmu na gado yana wani wuri. Maye ba ya tayar da matacce. Mai rai yake kama wa kurwa, a bar gangar jiki tana yawo tana ramewa, ana gaisawa da ita ba a san babu kowa a ciki ba. Ina faɗin wannan a matsayin kayan ƙira na mai labari, don zargin maita a zahiri ya jawo an kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, yawanci tsofaffin mata marasa gata. Amma a fim, wannan siffa ta fi gawar Romero dacewa da bencin mai shayin can. Muna kuma da labaran 'yan yankan kai da kuɗin tsafi, irin waɗanda Living in Bondage na 1992 ya gina kasuwar finafinan kudu a kansu, mutum ya ba da matarsa don ya yi arziki, ita kuma ta hana shi barci. Mu da muke jihar da ake yi wa ɗan Adam farashi ta waya, a yi ciniki a nemi ragi, a ce a haɗo da babur da katin waya, ba ma buƙatar a fassara mana yadda mutum ke zama haja.

Wanda nake so 'yan fim ɗinmu su nema su kalla shi ne Atlantics, na Mati Diop, da aka yi a Dakar da harshen Wolof, ya ci babbar kyauta ta biyu a bikin Cannes na 2019. Leburori sun yi wata da watanni suna gina wani dogon bene ba a biya su ba. Suka shiga kwalekwale za su Sifen, teku ta cinye su. Sai suka dawo, ba da ruɓaɓɓen jiki ba, suka hau kan 'yan matan unguwa irin hawan iska. Da tsakar dare 'yan mata su tashi ba takalmi, idanu sun yi fari, su taka har falon mai ginin su zauna a kujerunsa, su ce a biya su albashinsu. Babu cizo, babu hanji a waje. A ƙarshe sun sa shi ya kawo kuɗin maƙabarta, suka ƙirga, sannan suka sa shi haƙa masu kaburbura da hannunsa, suna yi mashi dariya don bai iya riƙe diga ba. Irin wannan ba ya cin kuɗin kwalliyar jini, ba na kuma jin hukumar tace finafinai za ta sami abin yankewa a ciki. Muna da 'yan ga-ruwa, muna da masu gadi, muna da 'yan fansho da suka mutu suna bin layin tantancewa, muna da yaran da suka bi ta Agadas ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kowanensu yana da falon da zai je ya zauna.

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, na ga ka duba agogo. Nan zan dakata a ba masu tambaya dama, a fara da iyayenmu mata, don na ga maganar lefe ba ta yi wa wasu daɗi ba.